Ranar Da Na Yi Wa Delaware Ban-ruwa Da Fetur

Tunda Yaya Sani ya riga ya ba da labarin nan a wurin suna, ya zuba masa gishiri har ya yi yawa, gara in faɗi nawa kafin a mayar da ni mutumin da ya kusa ƙona jiha guda.

Shekarata 6 a Newark ta jihar New Jersey ban taɓa riƙe bakin famfon mai da hannuna ba. Doka ce ta jawo. A New Jersey tun 1949 aka hana direba ya zuba wa kansa mai: ka tsaya, ka sauke gilashi, ka miƙa kati, wani ya zuba maka, sak yadda muke yi a Kano. Da can Oregon ce abokiyar tafiyarmu, a 2023 ta janye ta bar mu mu kaɗai a duk Amurka. In zan bar jihar, sai na cika tanki tukuna. Ranar sunan ɗiyar Malam Habu a Baltimore ma niyyata ke nan, Yaya Sani ya ce mun makara, kuma wai gaba ya fi arha. Motar kuwa Sienna ɗin Alhaji Bala ce, aro. Muka haye gada muka faɗa Delaware, allura ta sauka kwata, na karya kan mota cikin wani gidan mai.

Na sauke gilashi ina jira, har minti biyu. Sai Maman Khalifa daga baya ta ce, "Baban Khalifa, nan fa babu mai zuwa."

Na fito cikin farar shaddata mai aiki, wadda aka kawo mini daga Kantin Kwari, a tsakiyar Janairu. Kwalli da sitaci ba sa tare iska, wannan na tabbatar. Ashe murfin tankin yana hagu, ni kuma na ba famfo dama. Daga baya aka nuna mini 'yar kibiya kusa da hoton famfo a gaban direba, wadda ke faɗa maka ɓangaren da tanki yake. Maimakon in juya mota mutane su ce baƙauye ne, sai na ja tiyo na zagayo da shi ta bayanta. Ya kai da ƙyar, bakin ya shiga rabi a karkace. Na sa kati, ya nemi lambar unguwa na ba shi, na danna 87, lambar irin man da zan sha, mai ya fara tafiya. Na kuma gano wani ɗan ƙarfe a jikin mariƙin da ke riƙe shi ya ci gaba da zuba ba sai ka matsa ba. Wallahi a lokacin har wani daɗi na ji, na ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Na karkaɗe hannu na shiga kanti sayo shayi.

Ina kan layi riƙe da kofi biyu, sai na ga yarinyar da ke karɓar kuɗi ta kalli taga ta zaro ido. Ta ja lasifika ta ƙwala: "Famfo na 4! Mai famfo na 4!" Ni ma na juya ina neman wane sakarai ne wannan.

Gudun da na yi, rabona da irinsa tun ina firamare. Babbar riga ta buɗe kamar fukafukin shamuwa, shayi yana zuba a yatsuna, ban kuma yi tunanin ajiye shi ba. Fetur na kwarara ta gefen mota, ya bi taya, ya yi tafki. Na taka tafkin da sabon takalmina sau-ciki, ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, ban faɗi ba amma na ji wando ya yi magana. Hula ta tuma ta faɗa ciki, ta kife. Na dire shayi a kan rufin mota, na cafko bakin famfon na fizge shi. To, ɗan ƙarfen nan da na yi alfahari da ganowa yana nan a maƙale. Sai ga ni tsaye da famfo a hannu yana feshi, kamar mai ban-ruwan alayyafo a fadama. Na yi wa taya, na yi wa ƙofa, na yi wa gaban rigata, ina "Innalillahi! Yaya Sani! Yaya Sani!" Yarinyar ce ta doki jan maɓallin nan na gaggawa, duk famfunan gidan suka mutu lokaci ɗaya. Wuri ya yi tsit. Mutum bakwai da ke tsakiyar shan mai suka juyo suna kallona, fetur na ɗiga daga hannun riga, ɗis, ɗis.

Akwai wani tsoho a famfo na 6, mai a-kori-kura da jar hula, riƙe da kofin gahawa. Wannan bawan Allah ya ga man yana zuba tun farko, na gan shi a hoton kyamara daga baya, ya fi minti guda yana kallo yana kurɓa. Taku biyar ne tsakaninsa da motata. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga ƙafa ba. Sai da komai ya lafa ya tako a hankali, ya sunkuya ya leƙa lambar motar, ya ga ruwan ɗorawar nan tamu, ya ɗago ya ce, "New Jersey ko?" Ya gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta, ya koma. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Har yau in na kwanta sai in ji muryarsa, na kuma tanadi amsoshi sun kai goma, duk masu zafi, babu wadda ta zo mini a ranar. Abin da na ce masa shi ne "na gode". Na gode! Da me?

Yaya Sani kuwa, da ya shekara 4 a Houston yana zuba wa kansa mai kullum, yana gidan gaba ya rufe gilashi yana sauraron saƙon murya a WhatsApp. Sai da aka gama ya fito, ya naɗe hannu ya buɗe makaranta. Wai a ƙarshen bakin famfo akwai wata 'yar huda da ke shaƙar iska. Idan tanki ya cika, mai ya taso ya toshe ta, sai abin ya yi ƙas ya tsaya da kansa. In ka sa shi rabi a karkace, man zai iya samun hanyar fita bai taɓa hudar ba. Duk wannan ilimi yana cikinsa tun daga Newark. Yayan matarka ne, me za ka ce? Na ce, "Haka ne, Yaya."

Manaja ya fito, muka shiga shari'a. Na ce na'urarku ce ba ta tsaya ba, ku za ku ɗauki asarar. A gida ma in yaron gidan mai ya zubar, ba a cajin mai mota. Ya ce nan ai kai ne yaron gidan man. Ya kama hannuna ya kai ni gaban famfo ya nuna takardar da ke manne daidai hancina: a kashe mota, ba a shan taba, kada ka bar famfo yana zuba ka tafi, abin da ya zube yana wuyan mai saye. Na ce ai rubutun ƙanana ne, alhali kowane harafi ya kai babban yatsana. Ya ce da bakin famfon ne ya lalace, ina tsaye a wurin ya ƙi tsayawa, da magana ta zama tasu, sai su rufe shi su kira mai gyara. Don haka mu je mu ga hoto.

Sau uku ya maimaita shi. Ga ni ina jan tiyo kamar mai jan taurin sa. Ga ni ina karkaɗe hannu ina tafiya da taƙama. Ga gudu, ga tsagewar ƙafa, ga feshi. A na uku ya rage saurin hoton, yarinyar ta juya baya kafaɗunta na rawa. Yaya Sani ya nemi a tura masa a waya. Allah Ya sa mutumin ya ƙi.

Tankin galan 20 yake ci, da saura kwata a ciki, mita kuma ta nuna 18 da 'yan kai. Wato wajen galan 3 na shayar da siminti, lita 11 ke nan, kuma kati ya riga ya biya. Manaja ya ce in gode wa Allah, da ya haura galan 25 dole su kai rahoto ga hukuma, a shiga wani babi. Ya kawo buhun wani yashi mai tsotse mai, irin wanda ake zuba wa mage ta yi bayan gida, ya barbaɗa. Don in nuna ni ɗan mutunci ne na ce a ba ni tsintsiya, ina zaton zai ce a'a. Ya miƙo mini. Ya kuma hana a tayar da mota a kan tafkin, sai dai a tura. Yaya Sani ya shige ya kama sitiyari, ni na tura Sienna da matata da 'ya'yana uku a ciki.

Mun isa Baltimore gilasai a sauke cikin sanyin nan, babu mai yi wa wani magana. Ina sa ƙafa a falo wata baiwar Allah ta taho da kaskon turaren wuta, Malam Habu ya shaƙi iska sau ɗaya ya daka tsalle: "Ku fita da wutar nan! Ku fita da ita!" A baranda na ci tuwon suna, cikin jallabiyar aro da ta tsaya mini a gwiwa.

Alhaji Bala ya ce fentin gefen motar ya dusashe, ni ban ga alama ba. Na ce wa Yaya Sani ko rabin kuɗin galan ukun ya kamata ya kawo, tunda shawararsa ce, ya ce shi shawarar arha ya bayar, bai ce a zubar ba. Maman Khalifa kuma har yanzu tana tambayar shayinta, wanda muka bari a kan rufin mota muka ja. Takalmin yana waje tun ranar, warin bai fita ba. In akwai wanda ya san abin da ake sa masa, ya faɗa mini.