Ken Saro-Wiwa da muka manta: marubucin wasan talabijin

Da an ambaci Ken Saro-Wiwa, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ƙabilarsa ta Ogoni da rikicin man fetur, da ranar 10 ga Nuwamba 1995 da gwamnatin Abacha ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal. Amma tun kafin nan gidajen Najeriya sun san wannan ɗan garin Bori, wanda ya karanta Turanci a Jami'ar Ibadan. Shi ne ya rubuta kuma ya shirya Basi and Company, wasan barkwancin da aka riƙa nunawa a NTA daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1990.

Labarin wani matashi ne a Legas, ba aiki ba sana'a, ko kuɗin haya ya gagare shi, kullum yana ƙulla dabarar da zai wayi gari attajiri, kullum tana watse masa. Ku tuna zamanin: farashin mai ya faɗi, Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira na ta zubewa, son banza ya yi katutu. Jama'a na dariya, amma halinsu ake faɗa musu.

Abin da ya fi burge ni, mutumin bai tsaya a rubutu ba. Ɗan kasuwa ne, kuma da kamfaninsa Saros ya shirya wasan. A ganina shi ya sa alƙalaminsa bai tanƙwaru ba. Ya ƙi jingina mugun hali ga wata ƙabila, ya nace a yi Turanci mai tsabta maimakon buroka, alhali a wancan zamanin, da gwarancin harshe da tsokanar ƙabilu aka fi samun dariya cikin sauƙi.

Nan ne nake jin takaicin halin da marubutan finafinanmu masu dogon zango suke ciki. Mun haddace sunan jarumi da na darakta, amma wanda ya hana idonsa barci yana tsara labarin, sunansa kan wuce a allo kafin ƙiftawar ido. A sallame shi sau ɗaya, labari ya zama na furodusa, a yi ta jan sa zango bayan zango har ya tsinke, muddin YouTube na kawo kuɗi.

'Yan'uwa marubuta, ku nemi kasonku a mallakar shiri tun ranar ƙulla yarjejeniya, kuma a rubuce, da shaidu. In an ƙi, ku haɗa jari ku shirya naku.