Ba Kowane Katun Ba Ne Na Ƙananan Yara

"Ai katun ne kawai." Wannan ita ce amsar da yawancin iyaye ke bayarwa idan aka ce yaro ya tsorata da abin da ya kalla. A ganinmu, da zarar an ga zane mai launi, dabbobi suna magana suna waƙa, shi ke nan an samu abin da za a ajiye ɗan shekara uku a gabansa a shiga kicin. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba, musamman a kan yaran nan masu saurin firgita, waɗanda ko ƙofa ce ta bugu sai sun zabura.

Mu duba finafinan da duniya ta yarda na yara ne. A Bambi, wanda Disney ta fitar a 1942, maharbi ya harbe uwar ɗan barewa, ana jin ƙarar bindiga, sai ga ɗan yana yawo cikin ƙanƙara yana kiran uwarsa babu amsa. A The Lion King na 1994, ƙanin sarki ne ya sako yayansa daga kan dutse ya faɗa cikin garken dabbobi masu gudu, ɗan zakin ya zo yana zungurar gawar ubansa yana cewa ya tashi. Finding Nemo na 2003 ko zama ba ka gama gyarawa ba wani kifi mai haƙora ya hallaka uwar da ƙwayayenta duka, ɗaya tak ya rage. Dukkan ukun nan tambarin G suke ɗauke da shi a Amurka, wato kowa na iya kallo. Finafinai ne masu kyau, ban musa ba. Amma ɗan shekara huɗu babu abin da yake tsoro a duniya kamar ya waiwaya bai ga uwarsa ba, kuma daidai wurin nan masu shirya labarin suka fi son taɓawa.

Shi tambarin shekaru ba ƙarya yake ba, iyakar aikinsa ne bai kai inda muke zato ba. Tsarin da Amurka ta fara a 1968, da irin wanda hukumar tace finafinai ta Najeriya ke liƙawa, sun fi mayar da hankali kan ashar, tsiraici, jini da shaye-shaye. Masu liƙa shi ba su san 'yarka Nana ba, ba su san cewa idan aka ɗauke wuta sai ta ƙanƙame zanen mamanta ba.

Akwai wata malamar jami'ar Wisconsin, Joanne Cantor, wadda ta daɗe tana binciken yadda kallo ke firgita yara. Abin da ta gano ya dace da abin da kowace uwa mai lura ta sani. Yaron da bai kai shekara bakwai ba, kamannin abu ne ke ba shi tsoro fiye da halinsa. Halitta mai mummunar fuska, ko da ita ce ta fi kowa kirki a labarin, za ta hana shi barci, alhali mugu mai kyakkyawar fuska ba zai dame shi ba. Rikiɗa ma tana tayar musu da hankali sosai, mutum yana tsaye lafiya lau sai ya kumbura ya koma wani abu. Sannan ce masa "ba gaske ba ne" ba ta cika yin amfani ba, domin bai gama raba gaskiya da ƙirƙira ba tukuna. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne a ɗauke shi a rungume, ko a janye hankalinsa zuwa wani abu. Idan ya ƙara wayo kuma tsoron ya sauya, ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske, gobara, ɓarayi, satar mutane. Shi ya sa bidiyon 'yan bindiga da baba ke kunnawa a WhatsApp da ƙarfi a tsakar gida ya fi kowane dodon katun illa ga ɗan shekara tara, amma wannan maganar wata rana ce.

Na san abin da wasu za su ce: mu ma ai da Dodo aka rene mu, me ya same mu? Gaskiya ne, tatsuniyoyinmu ba su da sauƙi, ana haɗiye mutane a ciki, ana yanka su. Amma a tuna yadda ake yin ta. Kana jingine da cinyar kakarka, tana magana tana kallon idonka, idan ta ga ka fara raɓewa sai ta sassauta murya, ta sako Gizo da wautarsa kowa ya fashe da dariya. Kuma Dodon kai ne kake zana shi a zuciyarka, daidai yadda za ka iya ɗauka. Fim ba ya kallon fuskar kowa. Da nasa dodon yake zuwa, da jajayen idanu, da kiɗan da ƙwararru suka tsara don gaban babba ma ya faɗi.

To me za a kunna? Ra'ayina shi ne yaron da bai kai biyar ba, ba ya buƙatar dogon fim sam. Labarin da zai ci awa ɗaya da rabi galibi sai an sa masa haɗari da mugu, in ba haka ba manya za su yi gyangyaɗi. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana. Gajerun shirye-shirye sun fi masa. Shaun the Sheep na Birtaniya tumaki ne masu ɓarna a gona, babu magana a ciki, don haka babu matsalar Turanci. Bluey, wanda aka fara a Ostareliya a 2018, minti bakwai ne kowane kashi, wasan gida ne kawai tsakanin yara da iyayensu, sai dai iyalin karnuka ne, wanda hakan bai yi masa ba ya wuce. Akwai Akili and Me daga Tanzaniya mai koyar da ƙirga da haruffa, akwai Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, yara masu kama da namu suna cin abincin da muka sani.

Idan kuwa dogon fim ake so na zaman iyali, wanda nake fara ambata shi ne My Neighbor Totoro, na Hayao Miyazaki daga Japan, 1988. Babu mugu a cikinsa ko ɗaya. Duk da haka a sani, uwar 'yan matan biyu da ke cikin labarin tana kwance a asibiti, ƙaramar ta ɓata wajen ƙarshe, kuma Totoro, ƙatuwar halittar dajin da suka haɗu da ita, yana da hamma mai ƙara da ƙaton baki. Wani yaron zai yi dariya, wani kuma zai shige bayanka, sai a faɗa masa tun kafin wurin ya zo.

Babu abin da ya kai ka fara kalla da kanka. Ba sai ka zauna masa duka ba, ka ja shi gaba-gaba a waya, ka tsaya a farkonsa da kusan ƙarshensa, nan aka fi ɓoye mutuwa da gumurzu. A rage sauti, domin kiɗan yana ɗauke da kaso mai yawa na firgicin. A yi kallon da rana, ba bayan isha'i ba. Idan yaro ya ce a kashe, a kashe, kada a ce ya daure ya ga ƙarshe. In kuma ya nace sai abin da ya kalla jiya da shekaranjiya, a bar shi, sanin abin da zai faru ne ke sa shi natsuwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gori. "Matsoraci kawai." "Kai ba namiji ba ne?" Yaron da aka yi wa haka ba ya daina jin tsoro, faɗa ce yake dainawa, daga baya a ga ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi shiga ɗaki shi kaɗai ana ta mamakin dalili. Yayye kuma su samu abin tsokana, su dinga kwaikwayon muryar dodon a bayan labule.

Su yayyen nan ma, a gidajenmu su ne ke riƙe da rimot. Sukan kunna fassarar Indiya mai sare-sare ko fim ɗin aljanu da matsafa, ƙaramin yana gefe da kofin kununsa, kowa ya ɗauka hankalinsa ba ya wurin. Yana wurin. Sai a raba lokaci, na ƙanana da yamma, na manya bayan sun yi barci. Wayar da za a miƙa wa yaro kuma a sauke masa abin da aka zaɓa a kashe data, domin idan aka bar YouTube yana jero bidiyo da kansa, daga waƙar haruffa zai iya kai shi inda ba ka taɓa tantancewa ba.