Zanen bango a garin bakin teku: labarin wa ake ɗorawa a kai?

A 1982 mutanen Chemainus, wani ƙaramin gari a tsibirin Vancouver na ƙasar Kanada, sun ga alamar masana'antar katakon da ke ciyar da garin ta kusa durƙushewa. Ta kuwa rufe a 1983. Kafin nan sun riga sun ɗauko tsofaffin hotunan garin, suka gayyato masu zane suka mayar da biyar daga ciki manyan zane-zane a jikin gine-gine. Yau zanen ya kai gommai, baƙi na tururuwa, garuruwa da dama kuma sun kwaikwaya.

Ina goyon bayan irin wannan aiki, amma ba don dalilin da hukumomi suka fi ambata ba, wato kuɗin 'yan yawon buɗe ido. Garin bakin teku gari ne mai saurin mantuwa. Kifi ya yi ƙaranci, matasa su watse birane, tashar jiragen ruwa ta koma wurin ajiye tarkace. Yaron da bai taɓa ganin kakansa yana ɗinkin koma ba zai iya ganin hakan a bango kullum a hanyarsa ta makaranta, ba tikiti, ba mai gadi. Gidan tarihi sai ka yi niyya ka je, shi kuwa bango shi ke tare ka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓen abin da za a zana. Kifaye da tsuntsayen teku da faɗuwar rana ba sa ɓata wa kowa rai, shi ya sa kwamitoci ke son su. Tarihi kuwa yana da ƙaya. A 1942 gwamnatin Kanada ta kwashe mutane sama da 20,000 'yan asalin Japan daga gaɓar tekun yammacin ƙasar, har da na Chemainus. Da garin ya tsaya kan masu saran itace da jiragen ƙasa kawai, da ya yi ƙarya da fenti. Daga baya an ƙara zane-zanen da ke tuna wa da waɗannan mutane, kuma a ganina su ne suka fi ba wa aikin ƙima. Garin da ya zana jiragen ruwansa ya manta da waɗanda suka yi dakon kayan cikinsu, talla ya yi.

Almara ma haka take, sai dai matsalarta daban. Dodon ruwa ko 'yar ruwa da ake ba da labarinsu da baki ba su da fuska ɗaya, kowace kaka da irin nata, kowane yaro da abin da ya hango a ransa. Ranar da baƙon mai zane ya ba dodon fuska, daga nan fuskar ke nan. Don haka kafin a kafa tsani ya kamata a zauna da tsofaffin masunta, a ji yadda suke faɗa, ko da za su yi ta musu da juna. Musun ma wani ɓangare ne na labarin.

Sai batun nasara mai cin mai ita. A George Town ta tsibirin Penang a Malesiya, Ernest Zacharevic, ɗan ƙasar Lituweniya, ya zana yara biyu a 2012, ya jingina keke na gaske a jikin bangon kamar suna kansa. Zanen ya yi farin jini har mutane na bin layi don ɗaukar hoto, shagunan tsaraba suka mamaye titin. A 2019 mai zanen da kansa ya koka da yadda unguwar ta koma.

Abin da aka fi mantawa shi ne gishiri. Iskar teku na ɗauke da shi, danshi ya shigar da shi ƙananan ramukan filasta, idan rana ta busar sai ya daskare ya riƙa turo fentin daga ciki har ya ɓamɓare. Rana kuma ta kodar da launuka. Wani zanen Zacharevic na yara a kwale-kwale, da ke jikin gidan katako a kan ruwa, haka ya dusashe cikin 'yan shekaru. Akwai fentin ma'adinai da Adolf Wilhelm Keim ya yi wa rajista a Jamus a 1878, wanda ke haɗewa da filastar maimakon ya kwanta a kanta kamar fata, amma da tsada, kuma bai hana a riƙa dubawa.

To duk kwamitin da ya zo da takardar kasafi, shafin da zan fara buɗewa shi ne na gyara: nawa aka ware, wa zai wanke bangon, kuma matasa nawa na garin za su riƙe buroshi tare da mai zanen, don in ya tafi a samu wanda ya san yadda aka haɗa shuɗin ruwan nan.