Kun ce nono zalla, to wa ya tsaya ya nuna mana?

Sau bakwai na je awo kafin in haihu. Sau bakwai ina sammako daga Bolari, in tari Keke Napep, in je in kama layi a kan bencin nan mai cinye ƙugu. Kuma duk zuwa sai an rera mana karatu ɗaya: nono zalla har wata shida, ban da ruwa, ban da jiƙo. Mu amsa, mu tafa. Ga hoto a bango, wata mata fes da ita tana murmushi, jariri lafe a ƙirjinta. Na haddace tsaf kamar karatun allo. Amma yadda ake riƙe yaron, yadda zai kama, da abin da zan yi ranar da kan nonona ya tsage yana jini, wallahi ko da wasa ba wanda ya taɓa ɗauko zancen.

Na sauka cikin Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke dafa mutum da ransa, wajen ƙarfe biyu na dare. Su da bakinsu suka ce mana a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Nawa naɗe shi aka yi aka miƙa wa Gwaggo a baranda, ban sake ganinsa ba sai bayan asuba. Da aka kawo shi na yi ta fama, yana lalube yana kuka, ni ma hannuna rawa yake. Na ce, "Sista, don Allah ya ƙi kamawa." Ko juyowa ba ta yi ba. "Ki tura masa mana, zai kama. A kanki aka fara haihuwa?" Kafin azahar an sallame mu, wai ana buƙatar gadon.

Gidanmu na wuce wankan jego, haihuwar fari. To a nan ne kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce wannan ruwan ɗorawar da ke fitowa dakashi ne, dauɗa ce, a matse a zubar. Inna ta ce, "Ke, wannan zafin ko babba ai sai ya sha ruwa, bare ɗan tsako. Ɗiga masa." Maƙwabciya ta leƙo barka ta ce nonona ne bai da auki, a ƙara min kunun kanwa. Ba na jin haushinsu, abin da suka gada suka ba ni, kuma su ne zaune da ni ƙarfe ukun dare yaro yana tsala ihu. Masu cewa kada a ba da ruwa suna can suna barci.

Kwana uku nono ya cika ya yi tauri kamar dutse. Kwana biyar kai ya tsage. Duk sa'ad da yaron ya motsa gabana sai ya faɗi, in cusa gefen zani a baki in cije kafin in sa shi. Ranar suna mata na ta guɗa, ni ina ɗaki ina rawar sanyi, nonon hagu ya yi ja ya ɗau zafi. Gwaggo ta yanke hukunci: nono ya ɓaci, kada a kuskura a sake ba shi. Maigidana ya ruɗe ya tafi kemis, ya dawo da madarar gwangwani da bulumboti. Abin takaici, yaron kemis ɗin ya fi kowa yi mana bayani. Ya zauna ya gwada masa cokali nawa, ruwa nawa. Mai sayarwa yana da lokacinmu, asibitin da na yi wata da watanni ina zarya ba shi da shi.

Na koma can ɗin washegari. Wajen awo suka ce ai na haihu, ba nasu ba ne. Ɗakin haihuwa suka ce an sallame ni, in je ɓangaren yara. Can kuma aka ce yaro lafiyarsa ƙalau, uwar ce, a yanki kati. Na wuni, likita ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta da farasitamol, na gode masa, zazzaɓin ya sauka. Amma a duk ƙofofin nan da na bi da jariri a kafaɗa, babu mutum ɗaya da ya ce, sa shi a nono mu gani.

Wadda ta faɗi wannan kalmar wata ƙawar Inna ce, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya, ta zo barka a makare. Ta kalle ni ta ce, "'Yata, sa shi in gani." Ina sa shi ta ce tsaya. Ta juyo da shi cikinsa ya manne da nawa, ta sa filo, ta ce in goga masa kan nono a leɓen sama in jira sai ya wangale baki kamar mai hamma, sannan in jawo shi gare ni, ba ni in sunkuya masa ba. Ya cika baki da baƙin da'irar nan, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya baje waje. Zafin da na yi kwana tara ina sha ya ragu nan take. Ashe duk tsawon kwanakin nan tsinin kawai yake tsotsa. Minti goma! Na fashe da kuka, kuma rabinsa na haushi ne.

Ita ta zaunar da Gwaggo cikin lalama ta ce dakashin nan shi ne rigakafin farko na yaro, kuma cikin jariri ranar haihuwa abin da yake ɗauka a sha ɗaya bai wuce ƙaramin cokali ba. Ta ce wa Inna nono kansa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, shi ke kashe masa ƙishi ko a bazara. Ta ce nonon da ya kumbura ba a daina bayarwa, barinsa cike ne ke jawo ƙurji, kuma yawan tsotso ke kawo yawan nono. In ina shakkar ko yana ƙoshi, in ƙirga fitsarinsa, sau shida a yini ya wadatar. Suka saurare ta tiryan-tiryan. Ashe tsofaffin namu suna jin magana, in an samu mai yi musu ita.

Shi ya sa raina ke ɓaci duk farkon Agusta, makon shayarwa na duniya, in ji manya a rediyo suna cewa al'ada da jahilci ne suka hana mata ba da nono zalla. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, sai a ɗora mana laifin. Mu da Alƙur'ani ya ambata mana shekara biyu cur a Suratul Baƙara, mu za a yi wa wa'azin shayarwa? Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin asibiti mai kula da jarirai, mai matakai goma, kuma a ciki akwai taimaka wa uwa ta fara shayarwa, da haɗa ta da inda za ta samu taimako bayan sallama. Ina namu? Kuɗin riguna da hulunan gangami ba zai ɗauki ma'aikaciya ɗaya ba, wadda aikinta kawai ta zaga gadajen masu jego kafin a sallame su? Ita Sistar da ta yi min tsawa ma na yafe mata, mata uku ne ke naƙuda a hannunta ita kaɗai a daren. Waɗanda suka bar ta ita kaɗai ɗin nake tuhuma.

Da muka yi arba'in na kai shi allurar sati shida. Kusa da ni wata yarinya ce daga Pantami, da ƙyar in ta kai sha takwas, ta juya wa mutane baya tana cije leɓe, jaririnta maƙale a tsinin nono. A gaba kuma an fara: nono zalla har wata nawa? Mata suka amsa, shida! Na miƙa wa ƙanwata ɗana, na matsa kusa da ita na ce, "'Yar'uwa, ɗan cire shi, juyo min da shi nan."