Ƙafar tsohon sojan Amurka da kalmomin da ke yanke mata farashi

A dokokin Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wadda aka fi sani da VA, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa yana da lamba, 5276, kuma yana da matakai huɗu na naƙasa, kowanne da kason da ke yanke diyyar da ake biya a wata. Idan takalmi na musamman ko matashin da ake sa wa cikin takalmi ya kawar da ciwon, sifili ne, ba ko sisi. Matsakaici kashi 10 cikin ɗari, ko ƙafa ɗaya ko biyu. Mai tsanani kashi 20 a ƙafa ɗaya, 30 a biyu. Wanda ya kai maƙura 30 a ɗaya, 50 a biyu. A kuɗin 2025, kashi 10 kusan dala 175 ne a wata, kashi 50 kuwa ya haura dala 1,100 ga wanda ba shi da iyali. Tazarar da ke tsakanin "matsakaici" da "maƙura" ita ce abin da ake kai ruwa rana a kansa a gaban Hukumar Ɗaukaka Ƙara ta Tsofaffin Sojoji da ke Washinton.

Ra'ayina shi ne galibin waɗannan ƙararraki tun a ɗakin likita ake faɗuwa a kansu, kuma mutane da dama suna ɗaukar fayil mai rami su kai wa alƙali, su jira shekaru, a dawo musu da shi da raminsa.

A duba abin da dokar ke nema kafin a ce ciwo ya yi tsanani: ƙafa ta karkace a fili, zafi yana ƙaruwa idan an murza ta ko an taka, alamar kumburi bayan tafiya, da kanta irin ta wannan cuta. Kafin a ce ya kai maƙura, sai tafin ya zama ba ya taɓuwa, jijiyar dunduniya ta goce ciki tana ɗaurewa, kuma takalmin asibiti bai yi magani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne tarkon. Likita zai tambaya ko matashin takalmi yana taimakawa. Tsohon soja, wanda aka horar da shi a kan cije haƙori, sai ya ce yana ɗan taimakawa. Likita ya cika gurbin "an samu sauƙi". Da wannan alama ɗaya kashi 50 ya tafi. Amsar da ta dace ita ce gaskiya da adadinta: minti nawa yake iya tsayuwa da matashin, taku nawa kafin ya nemi wurin zama, sau nawa a wata ciwon ke tashi, kwana nawa yake yi, aiki nawa ya rasa saboda shi. Dauriya ado ce a fagen fareti, amma a wannan ɗaki hasara ce.

Gwajin kuma sau da yawa yakan faɗo a ranar da ƙafa ta huta. Kotun tsofaffin sojoji ta ga wannan tun 1995 a shari'ar DeLuca, ta kuma ƙarfafa shi a shari'ar Sharp ta 2017: dole likita ya tambayi yadda ciwo yake idan ya tashi, ya ƙiyasta gazawar da yake jawowa, ba ya ce tunda bai gani da idonsa ba babu abin da zai faɗa. Rahoton da ya tsallake wannan rahoto ne mai naƙasa, kuma hujja ce ta neman a sake gwaji. A 2018, shari'ar Saunders ta tabbatar cewa zafi kaɗai, ko ba a gano sunan cutar ba, yana iya zama naƙasa muddin ya rage wa mutum ikon neman abinci.

Kafin a kai ga kaso ma, sai an amince cewa aikin soja ne ya jawo. Nan takardar gwajin ranar shiga soja take da nauyi fiye da komai. Idan ba a rubuta komai game da ƙafa ba, doka ta ɗauka lafiya lau mutum ya shiga, kuma VA ce za ta kawo hujja ƙarara cewa da ciwonsa ya zo kuma aikin bai ƙara masa ba. Idan kuwa an rubuta cewa tafinsa a shimfiɗe yake, kaya sun koma kansa: shi zai nuna abin ya ƙaru a cikin kaki. Takardun asibitin bariki, izinin hutun gudu, wasiƙar abokin aiki da ya gan shi yana ɗingishi, duk suna shiga. Rashin takarda ba ya kashe magana shi kaɗai, musamman ga tsofaffin da gobarar 1973 a ma'ajiyar takardu ta Sent Luwis ta cinye fayilolinsu. Abin da ake so daga likita jimla ce guda tare da dalilinta: cewa yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce tsohon soja ne ya ci.

Tun 19 ga Fabrairun 2019 hanyoyin ƙalubalantar hukunci uku ne, kuma shekara guda ake da ita daga ranar wasiƙar hukuncin, sai dai sabuwar hujja ana iya kawo ta ko bayan haka. Fom 20-0996 na neman babban jami'i ya sake duba fayil, ba a ƙara masa ko takarda ɗaya. Ya dace idan hujja tana ciki an yi mata mummunan karatu. Fom 20-0995 na kawo sabuwar hujja mai alaƙa da batun. Fom 10182 shi ke kai mutum gaban alƙalin Hukumar, da layi uku: duba kai tsaye, ƙarin hujja cikin kwana 90, ko zaman sauraro, wanda ya fi kowanne jira. VA ta sa wa kanta burin kwana 125 a hanyoyi biyun farko, shekara guda a duba kai tsaye. Na fahimci mai son alƙali ya ji shi da bakinsa, haƙƙinsa ne. Sai dai alƙali ba ya murza ƙafa. Wanda aka hana saboda babu ra'ayin likita, ya samo ra'ayin ya bi hanya ta biyu, in ya yi haka cikin shekarar, ranar fara biyansa ba ta motsawa, kuɗin baya na nan. Idan Hukumar ta ƙi, kwana 120 ne kacal a kai ƙara kotu.

Akwai gefen da VA ke da gaskiya. Ba a biyan alamar ciwo ɗaya sau biyu. Ciwon jijiyar tafin ƙafa ya samu lambarsa, 5269, a Fabrairun 2021: kashi 10, ko 20 a ƙafa ɗaya da 30 a biyu idan magani da tiyata duk sun gaza. Mai wannan da shimfiɗaɗɗen tafi a ƙafa guda bai cika samun kaso biyu ba, don zafin ɗaya ne. Karkacewar babban yatsa kashi 10 ne iyakarta a kowace ƙafa, kuma tun shari'ar Copeland ta 2015 ba a ɗauke cutar da ke da lambarta a kai ta lambar sauran raunukan ƙafa don neman ƙari. Ɓata lokaci ne yin gardama a nan. Inda ake barin kuɗi a ƙasa shi ne sama da idon sawu: gwiwa, ƙugu da baya da canjin taku ya lalata, ana iya neman diyyarsu a matsayin abin da ƙafar ta haifar. Lissafin haɗa kaso ma ba na makaranta ba ne, 50 da 30 suna ba da 65, a zagaye shi zuwa 70.

Laifin da nake gani na masu rubuta jadawalin kason ne. A lamba 5284, ta sauran raunukan ƙafa, an ce matsakaici, mai ɗan tsanani, mai tsanani, ba tare da an fayyace ko ɗaya ba, don haka ƙafa iri ɗaya tana iya samun farashi biyu a ofisoshi biyu. Gyaran 2021 ya taɓa sashen ƙashi da gaɓoɓi amma ya bar waɗannan kalmomi yadda suke. Har sai an auna su da minti da taku, nauyin fassara yana kan mai ciwon. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW suna cika fom su tsaya wa mutum kyauta, lauya kuma ba ya da ikon karɓar lada sai bayan hukuncin farko ya fito.