Sulɓin bayan kart: sau da yawa laifin gaba ne

Da zarar bayan kart, wato 'yar ƙaramar motar tsere, ya fara sulɓewa a kwana, sai direba ya ɗora laifin a kan tayoyin baya. Ba kullum ba ne.

Ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin bayan kart, tare suke juyawa. Don haka sai tayar baya ta cikin kwana ta ɗan ɗaga kafin motar ta iya lanƙwasa, kuma saitin gaba ne ke ɗaga ta. In an buɗe faɗin tayoyin gaba da yawa, ko kasta (karkatar ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari) ta yi yawa, tayar kan ɗaga fuju'a, nauyi ya afka wa taya guda, ita ko ta kasa riƙe kwalta. A rage su kaɗan, abu ɗaya a kowane gwaji. Matsar da kujera baya ma na taimakawa.

Sai hannu da ƙafa. Birkin yawancin kart a baya kaɗai yake, taka shi da ƙarfi ana tsakar murɗa sitiyari neman juyewa ne. A gama yawancin birkin tun motar na miƙe, a murɗa sannu a hankali, a ƙara wuta daki-daki. Sulɓi na burge 'yan kallo kam, amma agogo ba ruwansa.