Dokar bindiga tana kama mai toka, tana wuce mai jiniya

A ƙarshen daminar bara na kwana a wani ƙauye da ke yankin Alkaleri a Jihar Bauchi. Mai masaukina tsohon maharbi ne, yana cikin 'yan sa-kai masu sintiri da dare. Bayan sallar isha'i ya ɗauko bindigarsa ta toka, wadda aka ɗaure kotarta da robar tayar keke, ya zauna yana ɗura albarushi yana dannawa da siririn ƙarfe. Harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri, shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. Na ce, "Baba, da wannan za ku tari masu AK-47?" Ya ce, "Ɗana, ita ma wannan in na shiga gari da ita ba takarda, a wajen 'yan sanda zan kwana." Kwana biyu bayan nan ina tsaye kusa da shataletalen Wunti a Bauchi, ayarin wani babban mutum ya wuce da jiniya, motoci biyu cike da 'yan sanda masu bindigogi, duk don mutum guda. Tun ranar abin ke ci mini rai.

Mu kan ji labarin harbe-harben Amurka mu yi mamakin yadda ƙasa mai ƙarfi haka ta kasa gyara dokarta. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Disamban 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6. Wata huɗu bayan haka aka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga gaban Majalisar Dattawa. Sanatoci 54 suka amince, amma 60 ake buƙata, ƙudurin ya mutu, duk da cewa mafi yawan Amurkawa suna goyon bayansa. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa tun 1871, tana bai wa 'yan majalisa maki gwargwadon yadda suke kaɗa ƙuri'a, kuma wanda ya samu mummunan maki ya san za a zuba kuɗi a kayar da shi a zaɓen fid da gwani. A 1996 kamun ƙafarta ya sa majalisa ta saka sharaɗin da ya kusan tsayar da binciken gwamnati kan kisan bindiga fiye da shekara 20. A 2005 aka yi dokar da ta kare kamfanonin ƙera bindiga daga yawancin ƙararraki. A zaɓen 2016 kuwa ƙungiyar ta kashe sama da dala miliyan 30 don Donald Trump ya ci.

Ban ce kuɗi ne kaɗai ba. Haƙƙin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, kuma miliyoyin mutane sun yi imani da shi har zuci. Amma a duba ɗaya ɓangaren: masu neman a tsaurara doka sun ƙara samun kunnen 'yan siyasa ne bayan da attajiri Michael Bloomberg ya yi alkawarin dala miliyan 50 a 2014. Hawayen iyaye ma sai da suka samu mai kuɗi ya tsaya musu.

A can ke nan, inda kuɗi ke rubuta doka a fili, ana iya bin sawunsa a takarda. A nan namu salon daban ne, kuma a ganina ya fi muni. Shafaffu da mai ba su damu da yadda aka rubuta dokar ba, tunda ba a kansu za ta yi aiki ba. Dokar bindigogi da muke amfani da ita ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai. A ƙarƙashinta manyan makamai irin AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A takarda doka ce mai tsauri. Amma wa ke da hanyar kai takardarsa teburin Sufeto Janar a Abuja? Manomin Alkaleri ko Ningi? Mai hali kuma in bai nemi lasisi ba ma, sai a ba shi ɗan sanda sukutum da bindigarsa, albashinsa daga harajin talaka.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayanin inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A Janairun 2017 jami'an kwastam sun kama bindigogi 661 a kwantena guda a Legas. Maƙerin ƙauye ba ya shigo da kwantena, kuma maharbi ba shi da makullin rumbun makamai. Mu a Bauchi da Gombe mun san gungun 'yan daba irin Sara-Suka, mun san 'Yan Kalare. Mun san ba da kuɗin aljihunsu suka fara ba, kuma mun ga yadda ake yi da waya ɗaya a sako yaron da aka kama da makami ana gab da zaɓe.

Idan abin ya ishi gwamnoni sai su yi magana. A Fabrairun 2021 Gwamna Bala Mohammed na Bauchi ya ce makiyaya na riƙe AK-47 ne don kare kansu, maganar ta tayar da ƙura har ya fito ya yi ƙarin bayani. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, amma ban yarda da raba bindiga gida-gida ba. A ƙasar da rikicin gona da faɗan siyasa ke jawo zubar jini, bindiga a kowane ɗaki sai ta ci 'ya'yanmu kafin ta kai ga ɗan fashin daji, kuma ko an buɗe ƙofar, mai kuɗi ne zai sayi mai kyau.

Makamai suna cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka sanatocinmu da 'yan majalisar wakilanmu ne abin tambaya. A 2024 an sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Ina so in ji ɗaya daga cikinsu ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a ƙirga bindigogin kowane rumbu duk shekara a buga sakamakon, a hukunta mai ɗaukar nauyin 'yan daba fiye da yaron da aka bai wa makamin, a kuma bayyana adadin 'yan sandan da ke gadin manya. In sun zo neman ƙuri'a a Alkaleri, waɗannan tambayoyin nake so Baba maharbi ya yi musu kafin ya karɓi taliya da atamfa.